Tayin Kyoto: Shin Ladabi Ƙarya Ne?

Akwai wani tsohon labarin ban dariya da masu wasan rakugo na yankin Osaka suke yi wa mutanen Kyoto tsiya da shi. Rakugo kuwa sana'a ce ta mutum ɗaya, wanda yake zama a kan matashi a gaban jama'a riƙe da mafici, yana kwaikwayon muryar duk wanda yake cikin labarinsa. An ce wani ɗan kasuwa daga Osaka ya saba zuwa gidan wani abokin hulɗarsa a Kyoto, kuma duk ranar da ya miƙe zai tafi, har ya kai ga takalmansa, sai matar gidan ta ce ai da ya tsaya ya ɗan taɓa bubuzuke. Bubuzuke shi ne sunan da mutanen Kyoto suke kiran shinkafar da aka kwarara wa shayi mai zafi, abincin da ya fi kowanne sauƙi, irin wanda iyali suke ci idan babu baƙon ido. Kowa ya san tayin nan na fatar baki ne, kuma amsarsa godiya ce da sallama. Wata rana mutumin ya ƙudura sai ya ga ƙarshen wannan tayi. Ya yi takakkiya ya zo dab da lokacin abincin rana, ya tarar mai gida ba ya nan, ya zauna ya yi ta jan hira yana zagaye-zagaye, matar tana yi kamar ba ta gane ba. Da ya gaji ya miƙe, sai kalmar da bakinta ya saba da ita ta kuɓuce mata. Nan take ya koma ya gyara zama.

Ta shiga madafa, ta kankare ɗan abin da ya rage a gindin akushin shinkafa, ta cika kwanon da shayi, ta kawo masa. Loma kaɗan ya yi ya cinye. Yana son ƙari, amma shi ma kunya ba za ta bar shi ya roƙa ba, sai ya ɗaga kwanon ya karkata mata cikinsa, yana yaba kyansa, yana tambayar inda ta saye shi. Ita kuwa ta ɗauko akushin, ta karkata masa cikinsa fayau, ta ce a kanti ɗaya ta saye su tare.

A nan ake yin dariya a watse. Ni kuwa tun ranar da na fara karanta labarin nan ya bar mini tambayar da ta ƙi barina: tsakanin matar da take tayin abin da ba ta da shi, da mutumin da ya karɓi tayin da ya san ba na karɓa ba ne, wane ne ya saɓa wa gaskiya? Tambayar ta wuce kwanon shinkafa. Tana taɓa duk wata magana da ɗan Adam yake furtawa don ladabi alhali zuciyarsa tana wani wuri, kuma ina ganin babu inda ya fi dacewa a bincike ta kamar ƙofar gidan Bajapane, inda kusan kowane taku yake da ƙa'idarsa da kalmarsa.

Bari mu bi baƙo tun daga waje. Littattafan ladabi na ƙasar suna koyar da cewa kada ya iso kafin lokacin da aka ajiye, domin mai yiwuwa masu gida suna kan shiri, gara ma ya ɗan makara da mintuna kaɗan. Idan da rigar sanyi a jikinsa, zai cire ta kafin ya danna ƙararrawa. Da an buɗe masa zai shiga genkan, wani ɗan fili a bayan ƙofa wanda ya fi daɓen gidan ƙasa, kamar zauren da aka matse ya koma taku biyu. A nan zai ce ojama shimasu, wato zan dame ku. Zai cire takalmansa ya hau dandamalin gidan ba tare da safarsa ta taɓa ƙasan genkan ba, sannan ya durƙusa ya juya takalman su fuskanci ƙofa, ya matsar da su gefe. Za a ba shi silifas na cikin gida. Idan aka kai shi ɗakin da aka shimfiɗe da tabarmar tatami, silifas ɗin ma a bakin ƙofa za su tsaya. Idan ya shiga makewayi, akwai wasu silifas na daban da suke jiransa a can, waɗanda ba sa fitowa.

A cikin ɗakin, wuraren zama ba daraja ɗaya gare su ba. Mafi girma shi ne kamiza, wanda ya fi nisa da ƙofa, a gaban tokonoma, wani ɗan lungu a bango inda ake rataye rubutu ko zane, a ajiye fure. Mafi ƙanƙanta shi ne shimoza, kusa da ƙofa. Baƙo mai hankali kusa da ƙofa yake nufa, mai gida kuma ya yi ta jansa zuwa ciki. Ba ya hawa matashin zama sai an ce ya hau, ba ya kuma taka shi. Bayan gaisuwa zai fito da tsarabarsa, wadda suke kira temiyage, galibi kayan zaƙi ko 'ya'yan itace da aka naɗe da kyau. Zai fitar da ita daga jakar da ya ɗauko ta, ya miƙa da hannu biyu, a al'adar da kuma ya ce tsumaranai mono desu ga, wato wani abu ne maras amfani. Mai gida zai kawo abincin da ya yini yana haɗawa, ya ce babu komai a gidan. Idan aka yi masa tayin ƙari ko na kwana, baƙo zai fara ƙi. Wannan kawaici sunansa enryo. Da zai tafi zai ce ojama shimashita, na dame ku, masu gida su rako shi, su tsaya suna rusunawa, wasu har sai ya sha kwana.

Mai karatu zai lura cewa a cikin wannan ziyara ta awa biyu an faɗi maganganu da dama waɗanda in aka ɗora su a sikeli ba za su yi daidai da abin da yake a zahiri ba. An kira kyauta mai tsada abin banza. An kira tebur cike da abinci babu komai. Mai jin yunwa ya ce ya ƙoshi. Japanawa da kansu suna da suna ga wannan rabuwa: honne shi ne abin da yake zuci, tatemae kuma abin da ake nuna wa duniya.

Ƙarar da ake shigarwa a kan irin wannan ladabi mai nauyi ce, kuma na daɗe ina cikin masu shigar da ita. Yawancin tsarana mun taso da yaƙinin cewa faɗar abin da yake ranka kai tsaye shi ne mutunci, abin da ya saɓa wa haka kuwa fuska biyu ne. Masu wannan ra'ayi suna cewa harshe amana ce, kuma al'ummar da ta koya wa 'ya'yanta su ce sun ƙoshi alhali suna jin yunwa, ta koya musu raba baki da zuciya tun suna ƙanana. Wanda ya saba da haka a kan abinci, me zai hana shi yi a kan amana ko shaida? Suna ƙara da cewa wannan ladabi yana gajiyar da mutane, domin kullum sai ka tsaya kana fassara abin da aka faɗa maka, kana neman ma'anar da aka binne a ƙarƙashinsa. A Japan ɗin ma an samu masu irin wannan ƙorafi, har ya zama da yawa daga cikin mutanen yanzu sun daina kiran tsarabarsu abin banza, sun koma cewa suna fatan za ta yi wa mai gida daɗi.

Akwai kuma batun bashi. A shekarar 1946 Ruth Benedict, masaniyar al'adu Ba'amurkiya, ta yi dogon bayani a kan on da giri, wato nauyin alherin da aka yi maka da wajibcin rama shi. Cikin misalanta har da labarin Botchan, wanda Natsume Soseki ya wallafa a 1906. Jarumin labarin matashin malamin lissafi ne daga Tokyo da ya sami aiki a wata makaranta a tsibirin Shikoku. Wani abokin aikinsa da ya laƙaba wa suna Beguwa ya saya masa ruwan ƙanƙara na sen ɗaya da rabi, kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Da aka zuga shi cewa Beguwa yana cin dunduniyarsa, sai wannan ruwan ƙanƙara ya tsaya masa a rai, ya ɗauki kuɗin ya dangwarar a kan teburin mutumin, don kada a ce maƙiyinsa yana binsa alheri. Haka kyauta take a ƙasar da ake lissafinta, inda ake aika kyautar tsakiyar shekara da ta ƙarshen shekara ga waɗanda ake jin nauyinsu, inda kuma aka saba mayar da kimanin rabin darajar gudummawar biki ko ta rasuwa. Mu ma mun san cewa yaba kyauta tukuici, mun kuma san wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Masu ƙara suna cewa karimcin da yake ɗaure wuyan wanda aka yi wa ciniki ne da aka lulluɓe da fara'a.

Kafin a yanke hukunci, ya kamata a tambaya mece ce ƙarya. Immanuel Kant, masanin falsafa Bajamushe, yana cikin waɗanda suka fi kowa tsanani a kan wannan batu. A 1797 ya rubuta cewa ko mai kisa ne ya zo ƙofarka yana tambayar abokinka da ka ɓoye, ba ka da damar yi masa ƙarya. Amma a wani littafinsa na wannan shekarar ya kawo tambaya a kan mutumin da yake rufe wasiƙarsa da kiran kansa bawa mai biyayya ga wanda ya rubuta wa, ya kuma lura cewa wannan ba ya yaudarar kowa. A nan gaɓar take. Ƙarya tana buƙatar niyyar dasa abin da ba haka yake ba a zuciyar wani. Mai gidan da aka miƙa wa kwalin kayan zaƙi aka ce abin banza ne, bai taɓa zaton abin banza ne ba, mai miƙawar ma bai so ya zata ba. Su biyun suna magana ne da harshen da suka gada tare, inda waɗannan kalmomi suke ɗauke da wata ma'ana da kowannensu ya sani.

Nitobe Inazo, a littafinsa kan tarbiyyar samurai da ya rubuta da Turanci ya fito wajen 1900, ya bayyana wannan ma'ana. Ya ce Ba'amurke yana yaba kyautarsa domin idonsa a kan kyautar yake, yana nufin ba zai kawo maka abin da ba shi da kyau ba. Bajapane kuwa yana kushe tasa domin idonsa a kan wanda ake ba wa yake, yana nufin babu abin da ya kai darajarka. Duk su biyun girmamawa suke yi. Idan kuma aka duba wasu kalmomin da kyau, za a ga gaskiya ce tsagwaronta suke faɗa, irin wadda mu muke tsallakewa. Baƙo yana damun masu gida, ko da sun yi murna da zuwansa: an share, an dafa, an bar wani aiki saboda shi. Wanda ya ce zan dame ku ya amsa wannan tun daga bakin ƙofa. Kalmar godiyar da ake yi bayan cin abinci, gochisosama, asalinta daga kai-komo ne da guje-guje, wato wahalar da mai gida ya sha wajen tattaro abin da aka ci. Sumimasen, wadda ake faɗa a matsayin ban haƙuri da godiya baki ɗaya, tushenta abin da bai ƙare ba ne, kamar mutum yana cewa wannan alheri ban gama da shi ba.

Duk da haka, hujjar cewa ba a yaudari kowa ba wanke ladabi kawai take yi daga laifi, ba ta nuna amfaninsa ba. Amfanin na fara ganinsa ne a wani gida da yake bayan namu, tun ban san akwai wata ƙasa mai suna Japan ba. Ina ɗan shekara tara mahaifiyata ta aike ni wurin wata tsohuwa da muke kira Iya, wadda take riƙon jikokinta uku. Na tarar sun kewaye kwano ɗaya na tuwo bayan magariba. Ta ce, "Bismillah, ɗan nan, zo mu ci." Na wanke hannu na zauna. Na tuna ta turo kwanon gabana tana murmushi, na kuma tuna ita ba ta ƙara kai hannu ba. Da na koma gida na ba da labari cikin jin daɗi, sai mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Kai ba ka san tayi ba? Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Tayin mai ƙaramin kwano, Alhamdulillahi ake ce masa." Washegari ta cika kwano da tuwo da miya har da nama, ta rufe ta ɗora mini a ka, ta ce, "Ka ce da Iya in ji ni, don Allah ta ɗanɗana mini gishirin miyar nan."

Miyar ba ta buƙatar ɗanɗano, Iya ma ta san haka. Da mahaifiyata ta aika da gaskiya tsirara, cewa ɗana ya cinye muku abincin dare ga ramuwa, da ta ciyar da cikinsu ta kuma tona musu asiri. Da Iya ta ci tuwonta ta ƙyale ni a tsaye, da ta shaida wa kanta da jikokinta cewa talauci ya fitar da su daga sahun masu tayi. Tayin nan shi ne abin da ya rage mata na masu gida, kuma amsar da ake jira daga gare ni ita ce in bar mata shi ba tare da ya ci mata komai ba. Da na karanta bayanin enryo bayan shekaru, sai na gane shi nan take. Karimci aiki ne na mutum biyu. Mai gida yana bayarwa, baƙo kuma yana auna abin da zai karɓa, ƙin da yake yi shi ne nasa alherin. Shi ya sa ake ƙi sau ɗaya ko sau biyu: ana ba mai tayi hanyar janyewa da mutuncinsa idan babu, ana kuma ba shi damar nacewa idan akwai. Tayi na biyu da na uku su ne suke bayyana gaskiyar akushi, ba tare da an tilasta wa kowa ya ce ba ni da shi ba.

Ko batun bashi ma, labarin Botchan bai tsaya inda masu ƙara suka tsayar da shi ba. Kuɗin nan sun daɗe a kan teburin Beguwa, babu mai taɓawa. Da Botchan ya gane zuga ce aka yi masa, sai ya je ya kwashe kuɗinsa ya mayar aljihu, wato ya yarda mutumin ya ci gaba da binsa alheri. Akwai kuma Kiyo, tsohuwar mai aikin gidansu da ta taɓa ba shi yen uku, waɗanda bai biya ba, domin ya ɗauke ta kamar wani sashe na jikinsa. Ashe yarda da zama mai bashin wani ita ma girmamawa ce. Wanda ya ƙi a yi masa alheri don kada a bi shi, ya zaɓi zama shi kaɗai. Tsarabar da take kai-komo tsakanin gidaje biyu ba a nufin ta biya komai, ana nufin kada lissafin ya taɓa rufuwa.

Sai dai zan yi rashin adalci idan na tsaya a nan, domin duk hujjar da na kawo ta dogara ne da cewa ɓangarorin biyu sun san harshen. Yaya wanda bai sani ba? Baƙon da ya fito daga makewayi da silifas ɗin can a ƙafarsa ya shigo falo, ko ya soke tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, abin da ake yi wa mamaci, ko ya miƙa wa wani loma daga tsinke zuwa tsinke, yadda dangi suke miƙa wa juna ƙasusuwa bayan ƙona gawa. Wannan mutum bai yi niyyar ɓata wa kowa ba. A daidai wannan lokaci ne ake gane abin da ƙa'idojin suke yi wa hidima. Idan mai gida ya kau da kai, ko ya gyara masa cikin raha, ya ɗauki kunyar ya raba da shi, to ladabinsa na karimci ne. Idan kuwa ya yi shiru yana murmushi, ya ajiye abin don hirar bayan tafiyarsa, to ƙa'idojin sun zama shingen da ake tantance ɗan gida da bare. Japananci yana da kalmomin uchi da soto, ciki da waje, kuma dandamalin genkan iyaka ce tsakaninsu. Iyakar da take tsare tsabtar gida tana iya zama wadda take tsare mutum a waje har abada, ana yi masa fara'a.

Haka nan karimci yana iya zama mulki. Ana ba da labarin Sen no Rikyu, babban gwanin shayi da ya rayu daga 1522 zuwa 1591, cewa Toyotomi Hideyoshi, mai mulkin ƙasar a lokacin, ya ji labarin furannin asagao da suka cika lambunsa, ya zo gani. Ya tarar an tsinke su kaf. Ya shiga ɗakin shayi a fusace, sai ga fure ɗaya tak a tokonoma. Ana kawo labarin a matsayin ƙololuwar gwaninta, ni kuwa ina ganin wani abu a gefensa: baƙo ya zo da abin da yake so, mai gida ya yanke masa abin da ya kamata ya so. Kalmar omotenashi, wadda Christel Takigawa ta furta gaɓa-gaɓa a Buenos Aires a watan Satumba na 2013 lokacin da Tokyo take neman karɓar wasannin Olamfik na 2020, ana fassara ta da hango buƙatar baƙo kafin ya faɗa. Abu ne mai kyau, amma wanda ake hango masa komai ba a cika tambayarsa ba, kuma kawaici ba zai bar shi ya ce ba haka yake so ba.

Amma a wannan al'adar ta shayi ne kuma na sami abin da ya fi ƙarfafa mini gwiwa game da ladabi. Ɗakin shayi na Tai-an da ake danganta wa Rikyu, wanda yake Oyamazaki kusa da Kyoto, faɗinsa tabarmar tatami biyu ne kacal. Ƙofar baƙi ta irin waɗannan ɗakuna ba ta kai mita ɗaya ba a tsayi, sai an durƙusa an rarrafa, samurai kuma sai ya rataye takobinsa a waje. Ƙa'ida ce ta tilasta wa mai ƙarfi ya sunkuya, ko zuciyarsa ta so ko ba ta so ba. A ƙarni na 19 Ii Naosuke ya rubuta littafi a kan taron shayi, inda ya jaddada ichigo ichie, wato kowace haɗuwa sau ɗaya take zuwa a rayuwa, ko da mutanen nan sun sake haɗuwa sau ɗari. Ya koyar da cewa idan baƙi suka tafi, mai gida ya tsaya yana kallonsu har su ɓace, kada ya yi saurin rufe ƙofa ko kwashe kaya, ya koma ya zauna shi kaɗai a gaban murhu yana tunanin inda suka kai a hanya. Wannan ladabi ne da babu mai ganinsa. Mai fuska biyu yana sauke fuskar waje da zarar an juya baya, wannan kuwa an umarce shi ya ci gaba da riƙe ta har ta shige ciki. Kant ma ya faɗi makamancin haka a 1798, cewa mutane suna fara kwaikwayon kyawawan halaye ne kamar 'yan wasa, a hankali halayen su farka a cikinsu da gaske.

Ban ce wannan yana faruwa ga kowa ba. Ii Naosuke ɗin nan da ya rubuta zancen zama a gaban murhu, shi ne babban jami'in gwamnatin Tokugawa da ya jagoranci kamawa da kashe masu adawa da shi a 1858 da 1859, har aka kashe shi a ƙofar Sakurada ta fadar Edo a 1860. Mutum yana iya ƙwarewa wajen girmama baƙi biyar a ɗakin shayi, ya kasa jin tausayin waɗanda suke wajensa. Ladabi makaranta ce, ba duk wanda ya shige ta yake fita da ilimi ba. Abin da nake musu a kai shi ne a ce a rushe makarantar saboda haka.

Matsayina ke nan. Maganar ladabi da ta saɓa wa zahiri tana tsarkaka idan mai ji ya san ma'anarta, idan an yi ta don rufa wa wani asiri, idan kuma mai faɗarta a shirye yake ya biya ranar da aka ɗauke ta a yadda ta fito. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Iya ta cika shi a daren da yaro marar wayo ya zauna a gaban kwanonta, ta turo masa ta janye hannunta. Tun daga lokacin babu mai iya cewa tayinta ƙarya ne.

Da wannan ma'auni na koma gidan nan na Kyoto. Matar tana da nata laifin, domin ta saba ajiye tayinta sai baƙo ya kai ga takalmi, lokacin da ta tabbata ba zai ci mata komai ba, har kalmar ta zama al'adar leɓe. Amma ranar da aka riƙe ta a kan maganarta ba ta janye ba, ta kankare akushi ta kawo abin da yake akwai. Mutumin Osaka kuwa ya san ma'anar tayin sarai, ya yi kamar bai sani ba. Bai furta kalma ɗaya ta ƙarya ba, amma shi ne ya shigo gidan da niyyar yaudara, ya fake da zahirin magana don ya tona asirin tukunyar wata. Na daɗe ina zaton masu faɗar gaskiya kai tsaye su ne a gefen gaskiya kullum. Yanzu idan na ji wani tsarana yana alfahari da cewa shi ba ya kara, abin da yake ransa yake faɗa, nakan so in tambaye shi ko ya taɓa duba girman kwanon kafin ya wanke hannu. Ni ban duba ba, kuma Iya ta rasu ban taɓa ce mata na dame ku ba.